Ranar da Zakara Ya Yi Shiru

Wari ne ya fara sanar da mu. Ranar Alhamis da safe, tun kafin a buɗe ɗakin ƙyanƙyasa, duk wanda ya biyo ta layin ya san wani abu ya lalace a ciki. Da Matar Injiniya ta sa makulli ta tura ƙofar, zafi ya bugo fuskokinmu kamar an ɗaga murfin tukunya. Ƙwai dubu uku ne a cikin injin, na mata arba'in da ɗaya, saura kwana uku su fashe. Na ɗauki guda na fasa a bakin ƙofa, sai ga ɗan tsako cikakke, da bakinsa da farcensa, ya dunƙule ya mutu. Ban sake fasa wani ba.

Mu ƙungiya ce ta mata masu kiwon kaji. Kowace takan kawo ƙwanta a sa masa alama, a jera a inji ɗaya, bayan kwana ashirin da ɗaya ta zo da kwali ta kwashi 'yan tsakinta. Ni ɗinki ne sana'ata, shi ya sa ake ce mini Mai Ɗinki, amma rabin hankalina yana wajen kajin nan. Ƙwai ɗari biyu nake da su a cikin waɗanda suka mutu.

Injin yana da fanka mai halin tsofaffi. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, sai ta ƙi tashi har sai an zo an lallashe ta da hannu. In ta tsaya, zafi ya taru ya dafa ƙwan. Wannan bai taɓa hana mu sukuni ba, saboda muna da Zakara. Zakara wata 'yar manhaja ce da marigayi Injiniya ya haɗa mana a kwamfutar da ke ɗakin. Shi ke karanta zafin injin ya nuna shi da manyan lambobi a allo, in zafin ya wuce ƙa'ida kuma sai wayoyin mutum biyar su ɗauki cara. Sau biyu ko uku a mako yakan yi mana haka, Matar Injiniya ta ruga ta tayar da fankar, mu kuma mu yi tsaki mu ci gaba da harkarmu.

Ranar Laraba da la'asar wuta ta ɗauke ta dawo. Wayar kowa ba ta yi ko tari ba.

Sakatariyarmu, wadda ta fi mu boko, ta toshe hanci da mayafi ta zauna gaban kwamfutar. Ta daɗe tana dube-dube kafin ta juyo.

"Babu Zakara," ta ce. "An cire shi gaba ɗaya. Kuma ga shi nan a rubuce, mai kula ce ta cire."

Mai kula ɗaya muke da ita. Duk muka juya muka kalli Matar Injiniya.

*

Sai na ɗan koma baya, don a gane dalilin da ya sa muka yarda nan take. Mako biyu kafin nan wani dillali ya zo taronmu da takardu masu sheƙi, yana tallar sabuwar na'urar gargaɗi. Shugaba ta ce lokaci ya yi da za mu bar aikin hannu mu sayi na kamfani. Matar Injiniya ta miƙe ta ce, "Wallahi ranar da kuka cire aikinsa daga ɗakin nan, za ku ga abin da yake tare muku." A ranar tausayinta muka ji. Da safiyar Alhamis kuwa maganar ta dawo mana da wata fuska.

Ni da ita ba ƙawaye ba ne na gaisuwar hanya. Shekara goma sha bakwai muna tare. Ni na ɗinka wa 'yarta kayan makaranta na farko, ni na kwana da ita mako guda lokacin da mijinta ya rasu. Kowa na ce mini Mai Ɗinki, ita kaɗai ke ce mini Tawa, ni ma haka nake ce mata. Shi ya sa da aka kira ta daga makarantar kwana aka ce 'yarta ba lafiya, ni ta kawo wa makulli da sassafen Laraba. Tun rasuwarsa ba ta taɓa barin ɗakin nan ya wuni babu ita ba. Ta ce in leƙa da tsakar rana in rubuta zafin a katin da ke rataye jikin injin. Na je, na kawar da wani rubutu da ya tare lambar a allo, na ga zafin daidai, na rubuta, na kulle. Sai da safiyar Alhamis ta dawo ta karɓi makullinta.

"Ai da rana ina nan na gan shi yana aiki," na ce wa Sakatariya.

"Ana iya sa masa lokaci," in ji ta. "Ki sa yau, ya goge kansa gobe, ke kina can wani gari."

Jin haka ne ya kwance mini kai. Ina da baki, kowa ya sani, kuma bakin yakan riga ni isa wuri. Na tsaya a tsakiyar mata arba'in na nuna ta da yatsa.

"Ashe shi ya sa kika ba ni makulli, don a ce a hannuna suka mutu? Wallahi da Injiniya zai tashi ya ga abin da kika yi da aikinsa, da ya roƙi a mayar da shi don kunya."

Har waɗanda suka fi ni asara suka sunkuyar da kai. Ita kuwa sai ta durƙusa ta ci gaba da kwashe ƙwan tana sawa a buhu, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar har yanzu akwai wanda zai ji ciwo.

Shugaba ta yanke cewa ranar Asabar za a zauna. A nan za a karɓi makulli daga hannunta, a cire sunanta daga ƙungiya, a kira dillali ya kafa tasa. Wato ɗakin da mijinta ya gina da hannunsa, ba za ta sake taka shi ba. Ni na ce kafin nan bari in kira ƙanina. Kada wani ya yaba mini a kan wannan. Ban kira shi don ya wanke ta ba, na kira shi ne don ya kawo hujjar da za ta rufe mata baki.

*

Mahaifinmu mai bin sawu ne. In an kore wa mutum dabba, shi ake ɗaukowa ya bi ƙasa da ido har ƙofar ɓarawon. A cikinmu Auta ne kaɗai ya gaje shi, sai dai shi a cikin kwamfutoci yake bin nasa sawun, ma'aikatu na kiransa in wani abu ya ɓace musu. Yanzu har da furfura a gemunsa, amma ni da na goya shi ban ga abin da ya sauya ba. Har yanzu yana tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Ya iso ranar Juma'a da hantsi. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin bai shiga ba.

"Yaya, mene ne wannan farin a dokin ƙofa?"

"Farar ƙasa ce. Kullum da safe Matar Injiniya takan barbaɗa don kashe cuta. Shiga mana, ka tsaya kana kallon ƙasa kamar Baba."

"Mutum nawa suka shiga jiya?"

"Duk garin."

"Na gani," ya ce. "Kun yi mini shara da ƙafafunku."

Gaskiyarsa. Duk wanda ya taka farar ƙasar sai ya bar farin sawu a kan simintin, kuma mu arba'in mun tattake ko'ina. Ya bi gefen bango a hankali, ya tsuguna wajen teburin kwamfutar, ya janye kujera, ya haska ƙarƙashin teburin da wayarsa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ciro katin zafin daga jikin injin, ya karanta, ya sa a aljihu. Ya zagaya bayan ɗakin, inda taga take da sandunan ƙarfe, ya nuna mini wani sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke bakin magudana.

"Takalmi mai tsini. Ya yi ɗage a kan yatsunsa, ya leƙa, ya juya. Wa ke sa irin wannan?"

Mutum ɗaya na sani mai irin takalmin nan.

*

Baba mai gadi yana zaune a inuwarsa ta kullum, rediyo a kunne. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi wa da wa suka zo ranar Laraba.

"Ita dai," ya nuna ni da haɓa, "ta shiga rana na tsaka, ta fito. Bayan azahar mai takardun nan ya zagaya baya. Da la'asar mai wuta ya hau falwaya. Shi ke nan, ɗana. Ni da a ce ana tambayata tun jiya da na faɗa, amma mata in sun taru ba sa ganin tsoho."

Dillalin muka samu a shagonsa, cikin kwalaye har rufi. Da ya ga Auta na kallon ƙafarsa sai ya mayar da ita ƙarƙashin tebur.

"Na leƙa, ban musa ba," ya ce. "Bango na je aunawa da ido, inda zan kafa tawa. Laifi ne? Ta tsakanin sandunan nan ko kyanwa sai ta rage ciki."

"Kai ne za ka ci riba in Zakara ya mutu," na ce.

"Hajiya, in ƙwanku ya mutu wa zai sayi na'urata? Kajin da babu?"

Auta bai kula mu ba. "Da ka leƙa, me ka gani a allon kwamfutar?"

"Babu komai. Baƙi ƙirin, sai wani farin zare a tsakiya yana tafiya a hankali."

"Babu lambobi?"

"Ko ɗaya."

Auta ya yi masa godiya kamar ya ba shi kyauta. A hanya na ce masa ya saki ɓarawo. Ya ce, "Sawunsa biyu ne, Yaya, zuwa da komawa. Bai taɓa komai ba."

Mai wuta kuwa tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Waya ce ta tsinke, ya kashe layin na rabin awa ya ɗaura, ya mayar. Sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni ma fa ina cikin mutum biyar ɗin da wayarsu ke cara. Da na mayar da wutar na tsaya a gindin falwayar ina jira in ji. Da ban ji ba sai na ce yau fankar ta tashi da kanta. Har hamdala na yi, wallahi. Taku ashirin ne tsakanina da ƙofar."

Daga nan Auta ya ce zai ga Matar Injiniya. Na raka shi har ƙofar gidan, amma ban shiga ba. Na ce masa ƙafata ke ciwo. Ƙarya nake, fuskarta ce ban iya kallo ba, kuma a lokacin na ɗauka fushi ne ya hana ni. Na tsaya a waje ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Da ya fito sai ya koma ɗakin ƙyanƙyasa ya zauna gaban kwamfutar har rana ta yi sanyi.

Da yamma na zuba masa abinci, ya yi ta juya cokali a ciki.

"Ka samu hujjar?"

"Na samu."

"Ita ce ko?"

Ya ɗago ya kalle ni irin kallon da yake mini yana yaro in ya fasa wani abu. "Yaya, ƙafarki ta hagu har yanzu kina janta?"

"Tun da na faɗo daga katanga ina ɗauko maka ƙwallo ai ban daina ba. Yau ka sani?"

"A'a," ya ce. "Na dai tuna ne."

*

Ranar Asabar aka cika zauren taro. Shugaba ta zauna a gaba da Sakatariya. Dillali da mai wuta da Baba mai gadi suna benci ɗaya, kowa na kallon wani gefe. Matar Injiniya ta zauna ita kaɗai kusa da ƙofa, makullin a tafin hannunta, a shirye take ta miƙa. Auta ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a kan tebur ya juyo da allon wajenmu.

"Iyayena, ku yi haƙuri, zan ɗan yi muku karatu," ya ce. "Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ce kamar gidan da sauran ke zaune a ciki. Zakara ɗan haya ne a gidan. Masu yin babbar manhajar nan sukan fitar da sabuwa duk shekara, su ba ta lamba. Sha biyu, sha uku, sha huɗu. Taku tana kan sha huɗu tun kafin Injiniya ya rasu. To wace lamba ce ke biye?"

"Sha biyar mana," in ji Shugaba. "Mun yi makaranta, ɗan nan."

"Ni ma haka na zata. Sakatariya, karanta mana wadda ke kai yanzu."

Sakatariya ta matsa ta duba. "Ashirin da shida."

"Bana suka sauya ƙidaya. Suka ce daga yanzu lambar za ta riƙa bin shekarar da ake ciki. Daga sha huɗu suka yi tsalle zuwa ashirin da shida, babu sha biyar, babu komai a tsakani. Su a wajensu fenti kawai suka sauya a ƙofar gida."

"To ina ruwan wannan da ƙwanmu?" wata ta ce daga baya.

"Manhaja irin Zakara a ƙunshe take zuwa, kamar saƙo, da takarda a goshinta. Wanda ya ƙunsa shi ke rubuta lambobin gidan da ya yarda ta zauna a ciki. In aka sabunta gidan, kwamfutar takan bi 'yan haya ɗaya bayan ɗaya tana duba takardunsu. Wanda lambar ba ta cikin takardarsa, sai ta fitar da shi. Ba mugunta ba ce, ƙa'ida ce. Ga takardar Zakara."

Ya danna wani abu, rubutu ya fito. Ya ce layin farko na kwamfuta ne, ya ce daga sha biyu zuwa sha tara. Na ƙasansa kuma Injiniya ya rubuta wa mutane ne, da Hausa. Ya juya wajen ƙofa.

"Anti, kin yarda in karanta?"

Ta gyaɗa kai. Da gani ba ta san da rubutun ba.

Auta ya karanta a hankali. "Daga sha biyu zuwa sha tara. Babbar manhajar nan da 'yata sa'annin juna ne, yau duk shekararsu sha biyu, kowace na ƙara ɗaya duk shekara. Ranar da suka kai ashirin, 'yata ce za ta ɗaga wannan lambar da hannunta, ni kuma ina zaune a gefe ina kallo."

Matar Injiniya ta sa mayafi ta rufe bakinta. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Yarinyar shekararta sha biyar yanzu. Da ƙidayar ta tafi yadda ya lissafa, da saura shekara biyar. Mutumin ya bar wa aikinsa sarari mai yawa, ya yi lissafin komai, sai abu biyu da ba su zo masa a rai ba, cewa shi zai tafi da wuri, da cewa wasu mutane a wata duniya za su gaji da ƙirga ɗaya-ɗaya.

"Ashirin da shida ta wuce sha tara," in ji Auta. "Da aka sabunta, kwamfutar ta duba takardar ta fitar da Zakara. Ta rubuta mai kula ce ta cire, saboda da sunan mai kula take a buɗe dare da rana. Ko kyanwa ce ta taka, sunan da za ta rubuta ke nan. Babu wanda ya sa masa lokaci. Babu wanda ya yi nufin kashe ko ƙwai ɗaya."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Shugaba ta buga tebur.

"Tsaya. Ka ce da aka sabunta. Kwamfutar ce ta sabunta kanta?"

"A'a, ranki ya daɗe. Sai an ba ta izini. Kullum da hantsi wani akwatin rubutu yakan fito a tsakiyar allon yana neman izinin. Maɓalli biyu gare shi, babba shuɗi mai cewa a yi yanzu, da ƙarami mai cewa sai anjima. Jiya Anti ta gaya mini Injiniya ya ce ta riƙa danna ƙaramin har sai ya duba da kansa. Bai samu ya duba ba. Shekara ɗaya da rabi tana danna ƙaramin nan kullum, ba ta taɓa fashi ba. Ranar Laraba ta fita tun akwatin bai fito ba, hankalinta na kan 'yarta, ba ta tuna ta gaya wa kowa ba."

Tun daga kalmar shuɗi na daina kallon allon.

"An danna babban ranar Laraba, ƙarfe sha biyu da minti bakwai," ya ci gaba. "In an danna, akwatin yakan ɓace, lambar zafin ta fito kamar babu abin da ya faru. Sai bayan kamar awa guda allon ya yi baƙi, farin zaren nan da dillali ya gani ya fara tafiya."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro katin zafin. Bai karanta ba. Ya ajiye shi a kan tebur ya ɗora yatsu biyu a kai, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Daga inda nake zaune ina hango rubutuna a layin ƙarshe, da wannan takwas ɗin tawa mai kama da gyaɗa. Sha biyu da minti takwas.

Ya ga sawuna a ƙarƙashin teburin tun jiya da safe, ƙafar dama a dake, ta hagu a jaye, na mutumin da ya jingina gaba ya miƙa hannu. Ya bi dillali da mai wuta ne yana fatan ya samu wata hanyar da ba ta biyo ta kaina ba. Bai samu ba. Yanzu kuma ya tsaya, ya bar mini taku na ƙarshe.

Na miƙe. Bakin nan nawa da ba ya jiran kowa, ranar sai da na jawo shi.

"Ni ce," na ce. "Ya tare mini lambar. Ban karanta ba. Na danna wanda ya fi girma don ya kauce."

Babu wadda ta zage ni. Na so a ce sun zage ni. Shugaba ta cire tabarau tana gogewa, mai wuta ya ce innalillahi, Baba mai gadi ya girgiza kai. Na taka har inda take zaune, na durƙusa a gabanta a kan simintin.

"Tawa, ki yafe mini."

Ta share fuskarta. Ta dube ni sosai, ba da fushi ba.

"Maɓallin ba komai ba ne," ta ce. "Ni ce ban gaya miki ba. Wannan na yafe tun kafin ki tashi."

Ba ta ambaci ɗaya maganar ba, ni ma ban iya ambata ba. Duk zauren ya san wadda ake nufi.

*

Ba a karɓi makullin ba. Shugaba da kanta ta ce a bar zancen sabuwar na'ura tukuna. Da mutane suka fara watsewa, Auta ya ce mata gyaran ba shi da wuya, minti biyar ne, zai ɗaga lambar ya mayar da Zakara gidansa. Ya tambaye ta nawa take so a sa.

"Kai za ka ɗaga?"

"In kin yarda."

"A'a," ta ce. "Ya faɗi wadda za ta ɗaga. Saura mako uku su yi hutu. In ta zo ka zauna a gefe ka nuna mata. Kada a goge masa layinsa, ta rubuta nata a ƙasa."

"Anti, mako uku babu Zakara? Jibi za a zuba sabon ƙwai."

"Ni zan zauna da fankar."

Haka kuwa aka yi. Ta kai tabarma da buta ɗakin, ta tare a can. Duk wanda ya wuce ta layin yakan hango ta ta taga, zaune kusa da injin, kunnenta na kan ƙarar fankar.

A rana ta huɗu na rufe shago da tsakar rana na je. Na tsaya a dokin ƙofa, ban taka farar ƙasar ba. Idanunta sun faɗa, da gani ba ta samun barci.

"Ki je ki ɗan kwanta," na ce. "Ki bar mini makullin, zan zauna har la'asar. Ba zan taɓa komai ba."

Ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa baƙo mai kirki. Makullin yana rataye a wuyanta da wani zare, ta sa hannu ta dafe shi a ƙirjinta.

"Na gode, Mai Ɗinki," ta ce. "Zan iya."